Tiram ko bas: wanne ya fi dacewa da manyan titunan birni?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in ajiye ta a gabanku, musamman da yake muna da masu sana'ar tuƙi da injiniyoyi a cikinmu.

Shekara uku na yi ina karatu a Budafes, babban birnin Hungary, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban hau tiram ba. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ƙaramin jirgin ƙasa ne da aka shimfiɗa wa dogo a kan titin gari, yana shan wuta daga wayar da ke bisa kansa. Wanda ke bin layi na 4 da na 6 tsawonsa mita 54 ne, yana ɗaukar mutum wajen 350, direba ɗaya tal. Da safe in ka rasa ɗaya ba ka ko damuwa, domin kafin ka gyara tsayuwa ka hango fitilar na bayansa. Yana tsayawa ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, jama'a su zuba waje, wasu su shiga, cikin daƙiƙu kaɗan ya wuce. Ba hayaƙi, ba ƙarar inji, kana tsaye kana karatu ba ka dafa komai ba.

Ra'ayina shi ne, duk birnin da ya cika ya tumbatsa, kamata ya yi a shimfiɗa dogo a manyan hanyoyinsa, bas ta koma aikin kwaso mutane daga unguwanni tana kawo wa tiram. Wanda yake ganin akasin haka ina son jin hujjarsa.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, ka yi magana mai daɗi, amma ka yi ta ne daga kujerar fasinja. Bari in yi maka tawa daga bayan sitiyari, inda na shekara 27.

Wata safiya ina ɗauke da ma'aikata, mota cike, muka iso wata mararraba muka tarar tirela ta kife ta tare hanya baki ɗaya. Na leƙa madubi, na ɗan ja baya, na karya kan mota na shiga wani layi, na bi ta bayan unguwa na ɓullo gaba. Minti goma muka ƙara a kan lokacinmu, babu wanda ya makara. To ka gaya mini, da jirginka ne ya iso wurin nan, ina zai bi? Zai tsaya, na bayansa ya zo ya tsaya, na bayan wancan ma haka, har sai an zo an ɗaga tirela. Ko ƙaramar mota aka ajiye bakinta ya ɗan leƙo kan dogo, mutum ɗari uku sun tsaya cak.

Na biyu, bas in ta lalace a hanya, a ture ta gefe, a turo wata, bakanike ya zo da akwatin kayan aikinsa. Babu garin da za ka je ka rasa wanda ya san injin dizal. Wannan naka kuwa in ya yi tari sai an jira wanda ya ƙera shi.

Abban Hanifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar tirela gaskiya ce, ban musa ba. Amma sau nawa tirela ke kifewa a shekara, sau nawa kuma bas ke maƙalewa a cunkoso? Na farko tsautsayi ne, na biyu kullum ne.

Injiniya Sa'adatu:
Ku yi haƙuri in shiga tsakani, domin ina ganin abubuwa biyu ake haɗawa wuri guda. Akwai tambayar ƙafa, wato ƙarfe a kan ƙarfe ko roba a kan kwalta. Akwai kuma tambayar hanya, wato abin hawan nan shi kaɗai ne a layinsa ko yana gogayya da ƙananan motoci. Abban Hanifa, abin da ya burge ka a Budafes rabinsa ba dogo ne ya ba ka shi ba. Layin da babu mai shiga ne, da tashoshin da aka ɗaga daidai da ƙofa, da ƙofofi masu yawa. Ka ɗauki wannan jirgin ka jefa shi cikin motoci, zai fi bas wahala, saboda dalilin da Baba ya faɗa: ba ya kaucewa.

A 1974 birnin Kuritiba na Burazil, ƙarƙashin magajin gari Jaime Lerner, ya ware wa bas hanyarta a tsakiyar titi. Daga baya suka ƙara tashoshin da ake biyan kuɗi kafin a shiga, suka ɗaga daɓen tasha daidai da na mota, suka kawo dogayen bas masu sassa uku. Bogota, babban birnin Kolombiya, ta ɗauki wannan tsari a Disambar 2000 da sunan TransMilenio, ta ƙara wani abu: layi biyu a tashoshi, yadda bas mai dogon zango za ta wuce wadda ta tsaya. Da wannan dabara suke kwasar mutum sama da dubu 30 a awa ɗaya ta hannu ɗaya a babbar hanyarsu. Babu tiram mai bin titi da ke kai wannan adadi, domin tiram ba ya wuce ɗan'uwansa.

Amma kada masu son bas su yi saurin murna. Bogota ta yi haka ne da titi mai faɗin gaske, layi huɗu na bas kaɗai a wuraren tsayawa. Inda titi bai da wannan faɗin, lissafin yana juyawa. A ce kana son kwasar mutum 6,000 a awa. Tiram mai cin 300 zai zo sau 20, wato kowane minti uku. Bas mai mita 12 da ke cin mutum 80 sai ta zo sau 75, kowace daƙiƙa 48 ke nan. A irin wannan yawa, danja ba za ta iya ba kowace bas hannu ba tare da ta kashe hanyar da ta gitta ba, sai ka ga bas huɗu sun haɗu jere a tasha guda, ta gaba cike maƙil, ta baya fanko.

Baba Direba:
Wannan na ƙarshe na san shi sarai, Injiniya. Mu muna cewa motoci sun yi jerin gwano. Ta gaba ita ke kwashe duk wanda ke tasha, tana daɗewa wajen lodi, ta baya ta tarar babu kowa sai ta cim mata. Ko da ka sallame su daga gareji da tazarar minti biyar, kafin tsakiyar gari sun manne.

Sagir:
Ni fa abin da na karanta shi ne, ai tiram bai mutu don kansa ba, kashe shi aka yi. Kamfanonin mota da na mai a Amurka ne suka saye layukan suka tumɓuke dogo don a sayi bas da taya da fetur. Har kotu ta kama su. In da bas ta fi, me ya sa sai da aka yi maƙarƙashiya?

Malam Ilu:
Sagir, labarin da ka kawo yana da tushe, amma an yi masa ƙari a bakin mutane. Gaskiya ne akwai kamfanin National City Lines, wanda General Motors da Firestone da Standard Oil na Kalifoniya da wasu suka zuba wa kuɗi, ya sayi kamfanonin sufuri a birane da dama ya mayar da su bas. Gaskiya ne kuma a 1949 kotun tarayya ta same su da laifi. Sai dai laifin da aka kama su da shi shi ne haɗa baki don su kaɗai su riƙa sayar wa waɗannan kamfanoni bas da kayayyakinta. Tarar da aka ci kowane kamfani dala 5,000 ce.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin su zo kamfanonin tiram sun riga sun jigata. Yarjejeniyarsu da birane ta ɗaure su a kan kuɗin mota senti biyar shekara da shekaru, alhali komai ya yi tsada bayan yaƙin duniya na farko. An kuma ɗora musu gyaran kwaltar da ke kewaye da dogonsu, wato suna gyara wa ƙananan motocin da ke tare musu hanya titi da kuɗinsu. Motoci suka yi yawa, tiram ya rage gudu, fasinja ya gudu, kuɗin sabunta dogo ya gagara. Kuma ka duba, Paris ta kawar da nata kafin 1940, Landan ta sallami na ƙarshe a 1952, babu hannun General Motors a can. Zamanin ne ya ɗauka cewa titi na ƙaramar mota ne, duk abin da ya tare mata gaba a kawar da shi.

Biranen da suka ƙi bin wannan yayi su ne yau ake zuwa kallo. Malbon ta Ostareliya ta riƙe nata, yanzu ita ce ta fi kowane birni tsawon layin tiram a duniya, kimanin kilomita 250. Toronto ta Kanada ta yanke shawarar riƙe nata a 1972 bayan mutanen gari sun tashi tsaye. Faransa kuwa da ta tumɓuke, ita ce ta dawo tana shimfiɗawa: Nant a 1985, Giranobul a 1987, kewayen Paris a 1992, Sitirasbog a 1994. Af, kuma don kada a ɗauka abin na Turai ne kaɗai, Iskandariyya ta Masar tana da tiram tun 1863, kafin ma a fara sa masa lantarki, wanda kamfanin Siemens na Jamus ya fara ɗaukar fasinja da shi kusa da Barlin a 1881.

Sagir:
Na gode Malam, ban san da maganar senti biyar ɗin ba. Amma dai dawowar da Faransa ta yi ai shaida ce cewa sun gane kuskure suka yi.

Malam Ilu:
Shaida ce, amma dubi yadda suka dawo da shi. Ba su mayar da shi cikin motoci kamar da ba. Layi suka ƙwace daga hannun ƙananan motoci suka ba shi, suka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, a wasu wuraren har ciyawa suka shuka tsakanin dogo. Maganar Injiniya ce ta dawo.

Maman Khalil:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da duk ba ku taɓo ba. Ɗana shekararsa 11, a keken guragu yake, ni ke tura shi. Ku kuna lissafin mutum dubu nawa a awa, ni lissafina taku ɗaya ne: daga tasha zuwa cikin mota.

Na hau duka biyun da shi a tafiye-tafiyen neman magani. Tiram kullum wuri ɗaya yake tsayawa, tazarar da ke tsakanin bakin ƙofa da daɓen tasha ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, in tura keke kawai mu shige, babu wanda ya ma lura da mu. Bas kuwa, ko mai ƙasa-ƙasan nan ce, sai yadda direba ya samu ya matso. Wata rana ya manne da bakin tasha, wata rana ya bar rami, sai an sauko da ƙarfen hawa, kowa ya zuba mana ido yana duba agogo. Khalil ba ya son wannan kallon, na san shi, sai ya sunkuyar da kai. In an shiga kuma ga jijjiga, ga birki na ba-zata, hannuna ɗaya a keke ɗaya a ƙarfe har mu sauka. A tiram sakin keken nake yi in gyara masa hula.

Ban san kuɗin dogo ba, amma wannan bambancin a jikina na ji shi.

Baba Direba:
Allah ya ba Khalil lafiya, ya saka miki da alheri, 'yata. Ba zan kare abin da ba shi karuwa ba. Sau da yawa ba mugunta ce ke hana direba matsowa ba, wani ne ya ajiye mota a bakin tasha, sai ka tsaya a karkace. Amma akwai ranakun da sauri ne kawai da rashin kula, ni ma na sha yi ina yaro a sana'ar. Mota mai mita 12 in kana son ƙofar baya ta manne da bakin tasha sai ka shigo da ita a miƙe tun daga nesa, kuma wannan koyo ne, ba kowa aka koya wa ba.

Injiniya Sa'adatu:
Maman Khalil, abin da kika faɗa shi ne hujjar tiram mafi ƙarfi a wurina, ya fi duk alƙaluman da na kawo. Dogo yana tilasta daidaito. Ana iya kusantar hakan da bas, a yi wa bakin tasha wani lanƙwasasshen kankare da taya ke gogawa ta daidaita, amma yana buƙatar direba ya kula kowace rana, shi kuwa dogo ba ya gajiya.

Sai dai bari mu zo inda gizo ke saƙar, wato kuɗi da kulawa. Adis Ababa ta buɗe jirginta na cikin gari a Satumbar 2015, layi biyu, sama da kilomita 30, a kan dala miliyan 475, mafi yawansu bashi daga bankin ƙasar Sin. An fara da jirage 41. Ba a yi shekaru masu yawa ba aka wayi gari da yawa daga cikinsu suna ajiye saboda rashin kayan gyara da kuɗin waje na sayo su, ga kuma ɗaukewar wuta. Jirgin da aka tsara ya zo a kai a kai ya koma sai an daɗe ana jira. Bashi kuwa ba ya jira. A ɗaya gefen, Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe hanyar bas ta musamman a 2016, kimanin kilomita 21, Dakar ta buɗe tata a 2024 da bas masu batir. Ba na cewa waɗannan ba su da matsala, Darussalam ma ta sha fama da ƙarancin motoci da ambaliya a garejinta. Amma in bas goma suka mutu, sayo wasu goman abu ne da kamfanoni da yawa a duniya za su yi rububin sayar maka. Jirgin da aka ƙera daidai da dogonka da wutarka da na'urorinka, wanda ya ƙera shi kaɗai ke da kayan gyaransa.

Kuma ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kaɗai abin ke kayarwa ba. Edinbara ta Birtaniya ta buɗe tiram ɗinta a 2014, shekaru bayan lokacin da aka yi alkawari, a kan fam miliyan 776, kuma layin bai kai inda aka tsara ba, sai 2023 aka ƙarasa shi zuwa bakin teku. Babban abin da ya ci su shi ne abin da ke ƙarƙashin titi. Kafin ka shimfiɗa dogo dole ka kwashe bututun ruwa da na gas da wayoyin da ke ƙasa ka mayar da su gefe, domin in bututu ya fashe gobe ba za ka iya tona dogo ba. Suna tonawa suna cin karo da abin da babu shi a taswira. Sai rigima da 'yan kwangila ta biyo baya.

Abban Hanifa:
Injiniya, na karɓi wannan. Amma ki ba ni dama in juya miki hujjarki. Kin ce asirin yana ga layin da aka ware, ba ga ƙafa ba. Na yarda. To wa zai tsare layin?

Layin bas fenti ne da ɗan kankare. Yau an ware, gobe masu ƙananan motoci sun yi kuka, kuma su ne masu murya a kowane gari, jibi wani sabon shugaba ya ce a bar kowa ya bi da daddare, gata a ce a bar tasi ma, shi ke nan an gama. Delhi ta buɗe hanyar bas ta musamman a 2008, ƙasa da kilomita shida, masu motoci suka yi ta ƙorafi har kotu, a 2016 aka rushe ta. Sauƙin da Baba yake yabo, cewa bas tana iya kaucewa, shi ne kuma sauƙin da ake samu wajen korar ta. Dogo kuwa in an binne shi an binne. Wanda zai gina asibiti ko makaranta ko gidajen haya a gefensa ya san shekara 30 masu zuwa abin nan yana nan. Mai neman gida ya san in ya zauna kusa da tasha ba sai ya sayi mota ba. Layin bas ana iya sauya masa hanya da takarda ɗaya.

Sannan maganar tsada, a riƙa faɗin ta duka. Bas tana yin shekara 12 zuwa 15 a canza ta, jirgin tiram yana kai 30 har 40. Kwaltar da manyan bas ke taka wuri ɗaya dare da rana tana lotsawa, musamman a tasha inda ake taka birki, sai an zuba kankare. A shekara 40 sau uku za ka sayi bas.

Injiniya Sa'adatu:
Wannan hujja ce ta gaske, kuma Delhi misali ne mai zafi. Amma Malam Ilu ya riga ya nuna mana cewa dogo ma ana tumɓuke shi, a da Los Anjalas tana da ɗaya daga cikin manyan layuka a duniya, zuwa 1963 babu ko ɗaya. Kuma ka dubi Toronto. Dogo yana kan titin King fiye da shekara ɗari, amma tiram yana rarrafe cikin motoci har mai tafiya a ƙasa yana iya riga shi. A Nuwambar 2017 suka hana ƙananan motoci miƙewa a wani yanki na titin, duk wanda ya shigo sai ya karya dama a mahaɗa ta gaba. Ba su sa sabon dogo ba, ba su tona komai ba. Tafiya ta yi sauri, fasinjoji suka ƙaru, a 2019 aka mayar da tsarin na dindindin. Ka ga dogon bai tsare wa kansa hanya ba, sai da aka samu masu ƙarfin halin tsare masa.

Inda nake tare da kai shi ne in hanya ta cika. Otawa, babban birnin Kanada, ta gina wa bas hanyoyi na musamman tun 1983, suka yi aiki sosai, har ya kai tsakiyar gari ba ta iya ɗaukar yawan bas ɗin da ke shigowa. Sai suka haƙa rami suka mayar da babban layin na jirgi a 2019. Sun sha wahala da shi, har sau biyu yana sauka daga dogo a 2021, amma dalilin sauyin daidai ne: bas ta kai iyakarta. Ita kanta Bogota yanzu jirgi take ginawa.

Akwai kuma wani lissafi da ke bambanta ƙasa da ƙasa. Inda albashi ke da tsada, direba shi ne babban kashin kuɗin gudanarwa, don haka direba ɗaya da mutum 300 riba ce babba. Inda albashi ke da sauƙi amma kuɗin waje ke da wuya, abin da ke kashe ka shi ne duk abin da sai an shigo da shi. Shi ya sa amsar da ta yi wa Sitirasbog daidai ba dole ta yi wa kowa ba.

Sagir:
To maganar hayaƙi fa, Anti? Ai nan dai tiram ya yi gaba.

Injiniya Sa'adatu:
Da can haka ne kai tsaye, yanzu tazarar ta ragu. Shenzhen ta ƙasar Sin ta mayar da dukkan bas ɗinta, wajen dubu 16, masu batir tun 2017. Amma ƙarfe a kan ƙarfe ya fi sauƙin gungurawa nesa ba kusa ba, don haka tiram ya fi bas ƙarancin cin wuta a kan kowane fasinja in yana cike, kuma ba ya ɗauke da nauyin batir da za a canza bayan wasu shekaru. Taya kuma tana cinyewa tana zama ƙura a iska ko da babu salansa. Wannan santsin dai shi ne aibinsa: tiram ba ya tsayawa nan take kamar bas, har yashi yake fesawa a kan dogo in ya taka birkin gaggawa ko in ruwa ya jiƙa ƙarfen. Ga kuma masu keke da babur, ramin dogo yana kama siririyar taya in ba a gitta shi a miƙe ba. Duk garin da zai kawo shi sai ya koya wa mutanensa zama da shi.

Malam Ilu:
Kasabalanka ta Maroko ta ba ni sha'awa a nan. Ta buɗe tiram a Disambar 2012, ta yi ta ƙara layuka, sannan a 2024 ta buɗe hanyoyin bas na musamman a wasu sassan, duk a tsari ɗaya. Ba su ɗauki abin kamar zaɓen ƙungiyar ƙwallo ba.

Abban Hanifa:
Na sassauta, amma ban sauka ba. Na janye cewa kowace babbar hanya sai dogo. Abin da na riƙe shi ne, hanyar da ta riga ta cika da mutane, titin kuma ba shi da faɗin Bogota, kuma an tanadi kuɗin kulawa da horar da masu gyara tun ranar sa hannu a kwangila, a nan tiram nake zaɓa, saboda irin su Khalil da tsofaffi, da kuma saboda wahalar korar sa. In babu tanadin kulawa kuwa, na yarda da Injiniya, gara a ware wa bas layi a tsare shi da gaske.

Baba Direba:
Madalla. Saura tambaya ɗaya da ke damuna, kuma ba wanda ya taɓa ta. Kun ce direba ɗaya zai ɗauki mutum 300. A lissafin Injiniya, inda ake buƙatar tafiya 75 an koma 20. Sauran direbobin da kwandastoci da masu wanki da masu faci, kowannensu da iyali a bayansa, ina za su? Na ga yadda mutum ke komawa in aka karɓe masa makullin mota yana da shekara 50.

Injiniya Sa'adatu:
Tambayar nan Baba ita ke rusa ayyuka da yawa tun kafin a fara, kuma ta shafi hanyar bas ta musamman kamar yadda ta shafi tiram, domin duka biyun suna maye gurbin ƙananan motocin haya masu yawa. Bogota ta sa masu tsofaffin bas sun haɗu sun kafa kamfanonin da aka ba aikin tuƙa sababbin. Johanasbag da ta buɗe hanyar bas ta musamman mai suna Rea Vaya a 2009 ta zauna da masu motocin haya na hanyar, bayan doguwar taƙaddama suka miƙa motocinsu suka zama masu hannun jari a kamfanin da ke gudanar da layin, aka horar da direbobinsu suka koma albashi. Kuma layukan da ke kwaso mutane daga unguwanni suna ƙaruwa ne in babban layi ya yi ƙarfi, a can ake buƙatar wanda ya san lungu da saƙo.

Baba Direba:
To in haka ne a riƙa kiran mu tun ana zanen taswira, ba sai ranar yanke ƙyalle ba. Mu muka san inda mutane ke tsayawa da asuba, da mahaɗar da ruwa ke kwanciya da damina.

Maman Khalil:
Mu ma a kira mu, Baba. A ba ni keken Khalil da tasha ɗaya ta gwaji kafin a zuba sauran, minti biyar ya ishe ni in gaya musu ko tsayin daɓen ya yi.